Bencin Gindin Mangwaro

Ƙarfe huɗu da kwata na yammacin wata Juma'a abin ya fara lalacewa. Ina tsaye bayan teburin mai kelewele, soyayyar ayaba mai yaji, ina kallon bencin da na zana da hannuna.

Aikin shekarata ta ƙarshe ne a jami'a. A bakin masallacin unguwarmu, Ayigya Zango, akwai ɗan fili mai bishiyar mangwaro, kuma wakilin unguwa ya daɗe yana son jera kwantenonin shago a wurin. Da ƙyar ya yarda a gwada zanena: benci mai lanƙwasa kamar jinjirin wata, ƙafafu na siminti, katako daga wani kafinta a Oforikrom. Sharaɗinsa ɗaya, in mutane ba su zauna ba, a fasa.

Da aka sallame la'asar, tsohon liman ya fito. Ya shafa katakon, ya yaba, sannan ya shimfiɗa buzunsa a ƙasa inda ya saba, ya harɗe ƙafa. Shi ke nan. Wa zai hau benci Malam yana ƙasa? Dattawa da direbobin motocin haya na trotro duk suka tsuguna a gabansa, bencina a bayansu fayau. Awaki ne kawai suka karɓe shi. Mai kelewele ta ce ko ba komai na yi wa dabbobin zango gata.

Ni ba mai magana ba ce, ko a aji sai an kira ni. Amma na iya kallo. Kullum bayan la'asar ina wurin. Na lura Malam ba ƙin bencin yake ba, ƙafa a rataye ce ba ya so, ko kujerar roba aka kawo masa ture ta yake. Bayan ya tashi na auna sawun buzun a ƙasa, na auna inda yake aje buta da sanda.

A cikin lanƙwasar na zana dakali mai faɗi, wanda ya ɗara bencin tsawo da yatsu huɗu kacal, da matakala mai sauƙi saboda gwiwarsa. Magini ya yi dariya, ya ce yatsu huɗu ai ba tsawo ba ne. Na ce a yi haka nan. 

Ranar da simintin ya bushe, Malam ya zagaya dakalin, ya ƙwanƙwasa da sanda, ya hau, ya shimfiɗa buzu. Ladan ya fara ɗosana zama a benci kamar mai tsoron wuta. Sai mai shayi, sai direbobi, har aka rasa wuri, wani yana ce wa wani ya matsa, ba gadon ubansa ba ne. Kowa na fuskantar Malam, ba wanda ya ɗara shi.

Wakilin unguwa dai maganar Malam yake jira. Na cire takalmi, na durƙusa gaban Malam, na gaishe shi.

"Baba, an ce za a fasa. Ban sani ba ko..."

Ya dube ni ta saman tabarau.

"Ke ce 'yar bokon da ta auna min buzu? Jikata, je ki ce wa wakilin ya kawo gudumar. Amma sai ya fara ɗauke ni, kuma na fi kwantenarsa nauyi."