Gwaggo Mai Tsumma da Shingayenta

Kafin maigadi ya gama buɗe ƙofar gonar kiwon, Gwaggo Mai Tsumma ta riga ta shige rumfar tumaki masu ciki. Ba ta gaida kowa sai ta gama zagaye. Ta taɓa hantsar wannan, ta ɗaga jelar waccan, ta ce, "Wannan yau ce, waccan sai jibi." Shekara ashirin da bakwai ina buga takardu a ofishin gonar, ban taɓa ganin lissafinta ya kauce da fiye da wuni ɗaya ba. Tsumman kafaɗarta, wanda ya jawo mata sunan, da shi take share hancin ɗan tunkiya da zarar ya faɗo.

Tunkiya na haihuwa sai Gwaggo ta kai ta wani ɗan shinge na tsofaffin katakai, daga ita sai ɗanta, kwana biyu. Ta ce uwa da hanci take gane ɗanta. A cikin cunkoso, mai tagwaye sai ta bi ɗaya ta manta ɗaya, shi kuwa in bai sha dakashi ba, wato nonon farko, sai dai a haƙa rami. Direbanmu ya ga ranar da ta yi awa biyu a durƙushe, riƙe da wata mai taurin kai, har ta bari ɗanta ya kama nono.

Bara aka kawo mana sabon manaja mai takalmi mai sheƙi. Baƙi za su zo daga hedikwata su gwada gonakin yankuna, wace ce ta fi raya 'ya'ya. Ya leƙa rumfa, ya toshe hanci, ya nuna shingayen.

"Wannan tarkacen na waye? A kwashe."

"Ranka ya daɗe, makon haihuwa muke ciki."

"Gwaggo, nan gonar zamani ce, ba bayan ɗakinki ba."

"To ka ba su kwana biyu, ni zan kwashe da hannuna."

Bai ba su ko awa biyu ba. Baƙi suka zo, suka ɗauki hoton rumfa fes, suka yaba, suka tafi. Cikin kwana biyar 'ya'ya talatin da huɗu suka mutu. Ita ta tura su a baro ta gaban tagar ofis, ba ta kalle mu ba.

Kun san abin da aka rubuta a rahoto? Wai tumakin yankinmu ba su iya rainon 'ya'ya ba. Ni na buga shi da yatsun nan nawa, kuma har yau in na tuna sai in ji kamar in tsine wa kaina. Gwaggo ta je bola ta tsinto katakanta, ta sake kafawa ba ta nemi izinin kowa ba, mutuwa ta tsaya. Rahoton bana ya ce albarkar sabon shugabanci ce. Rashin kunya ke nan!

Gwaggo, ke ce ungozomar da ba a yi wa barka. Ranar bikin sallamarki daga aiki aka raba lemo, manaja ya yi jawabin rabin awa bai ambaci shinge ba. Da aka ce ki yi magana, sai kika ce, "Don Allah ku bar musu katakan nan." Kika zauna.

Mun gode, Gwaggo. Allah ya saka miki, tunda mu mun kasa.

Jiya na ga ana sauke bokitan fenti, baƙi za su dawo wata mai zuwa, kuma tumaki saba'in ne ke da tsohon ciki. Ku leburorin rumfa, in an ce ku kwashe, ku yi irin nata, ku buɗe baki. Ni dai na rantse ba zan ƙara buga wa tunkiya ƙarya ba. Tsumman yana nan rataye a shingen farko, inda ta bar shi. Yau kwana tara, ba wanda ya ɗauka.