Dattijo Mai Famfo a Cikin Tawul

Kamfanin da ya ƙera motar dattijon nan ya daina yin kayan gyaranta, kuma bai shawarci kowa ba.

Kwana uku ke nan ina ganinsa a layin masu kayan mota na unguwar Faisal, inda nake jiran bas. Dogo ne, ya ɗan ranƙwafa, bakin aljihun jallabiyarsa duk baƙin mai. Yana rungume da mataccen famfon ruwan injin, naɗe cikin tawul kamar jariri. Kowane shago sai ya kwance, a gwada da sabo, ramukan ƙusa su ƙi haɗuwa.

"Ma'alish, Ammu Bakri," in ji wani mai shago da Larabci, wato Baffa Bakri ya yi haƙuri. "Motar nan ta girme ni. Ka sayar wa 'yan gwangwan."

"In kwana a shagonka?" Da Hausa ya faɗa, ƙasa-ƙasa, yana mayar da tawul.

Ashe irin motar nan ce mai gado da murhu a ciki. Ina jin ita ta kawo shi daga Sudan. Motar da ba ta motsi kuwa, janye ta ake yi daga titi. Makulli ɗaya tak na gani a igiyar wuyansa, na motar; babu na gida.

Ku masu kamfani, gida kuka sayar wa mutum. Ku fito da famfon, ko ku kawo masa makulli na biyu.