Abin da Tsohuwa Ta Haɗiye a Hanyar Boca Salada

Duk direban da ke bin hanyar Boca Salada, in ya iso kwanar Tsohuwa sai ya danna hon. Babu gari a wurin, babu shanu, ko karen da za a kora babu. Ni ma shekara da shekaru ina dannawa don na ga na gabana suna yi, ban taɓa tambayar dalili ba. Kifi nake ɗauka daga bakin teku zuwa Santa Eduviges, kuma wanda ƙanƙara ke narke masa a bayan mota ba shi da lokacin tambaye-tambaye.

Tsohuwa sunan da muka sa wa wani tudun rairayi ne. Ta fi cocin garinmu tsawo har da hasumiyarsa, ta lanƙwashe kamar jinjirin wata, kuma tafiya take yi. Ku yi dariyarku, ni ma na yi tawa. Iskar teku na ɗebo rairayi daga bayanta tana zuba shi a gabanta, kullum kaɗan-kaɗan, ba ta gaggawa, ba ta kuma fasawa. In ka kafa sanda a gabanta bana, baɗi sai dai ka nemi wata sandar.

A gindin kwanar akwai wata bukkar kwano, a nan Don Apolinar Bacasegua yake zaune. Don Poli muke ce masa. Ma'aikacin hanya ne na gwamnatin jiha, aikinsa kwashe rairayin da iska ta watso kan kwalta, da shebur da baro. Siriri ne, rana ta dafa shi har ya koma kalar tsohon sirdi, hularsa ta kaba kuwa na rantse ta girme ni.

Ranar da motata ta tafasa daidai bukkarsa muka saba. Ya ba ni ruwa na zuba mata, ya dafa mana kofi, ya miƙo mini tortiya, wainar masara irin tamu, da wake. Ni kuma da yake bakina ba ya da birki, na ce masa ban taɓa ganin aikin banza irin nasa ba, ya kwashe da safe, iska ta mayar da yamma, gara ma a ce masa ya share teku. Bai ji haushi ba. Cewa ya yi:

“Fulgencio, kai ma kifin da ka kai jiya ai sun cinye. Ga ka nan za ka sake kai wani.”

Na shanye kofina na kama hanya. Tun daga ranar nake tsayawa shan kofi, ƙanƙara na ɗiga, ni ina zagin kaina.

A bakinsa na san hanyar da nake bi kullum ban san ta ba. Tana fita daga Santa Eduviges ta bayan makabarta, ta gangara rijiyar Pozo Hondo, inda ruwan ƙarshe yake. Daga nan sai baƙaƙen duwatsun da ƙasa ta amayo tun kafin a haifi kakan kowa, sai faƙon gishiri fari fat mai kashe ido, sai rairayi, sannan kwatsam ka ga teku a gabanka kamar an yaye labule. Ya ce ba gwamnati ce ta zana ta ba. Mutanen farko ne suka taka ta da tafin ƙafa, suna zuwa ɗibar gishiri, suna bin kogunan dutse inda ruwan sama ke kwanciya. Masu alfadarai suka bi sawunsu. Da aka ce a mai da ita hanyar mota, da hannu leburori suka shimfiɗa rassan itace da duwatsu bisa rairayi don kada taya ta nutse. Kwalta baƙuwa ce, jiya-jiyan nan ta zo. Ya ce duk kwanar da na ga hanyar ta yi babu dalili, to akwai ruwa a wurin dā, ko kuma akwai gawa. Wallahi tun daga ranar, in na shiga faƙon gishirin nan na tuna mutum ya ratsa shi a ƙafa da buhu a ka, sai tsikar jikina ta tashi.

Mahaifin Don Poli, Tiburcio, shi ke kai wa leburorin nan ruwa a ganga bisa alfadarai. Wata rana cikin tsananin zafin Yuni ganga ta tsage a hanya. Ɗan abin da ya rage ya bar wa masu aiki, ya juya Pozo Hondo ko kurɓa bai yi ba, wai ai ya san hanya. Alfadaran sun isa rijiya. Shi kuwa an tsince shi a bakin sabuwar hanyar, bai yi nisa ba ma. Don Poli yana saurayi a lokacin.

Aka yi masa yadda muke yi wa kowa. Gawa ta tafi makabarta, amma inda rai ya fita nan ake kafa gicciye, kuma ba a matsar da shi ko taku ɗaya, don kada mamaci ya rasa inda zai jira nasa. Matarsa, Doña Eufrasia, ta sa aka sassaƙa shi da wani ice mai tauri da muke ce wa icen ƙarfe. Tun da ƙishirwa ce ta kashe mijinta, duk Ranar Matattu, ranar da muke ziyartar mamatanmu sau ɗaya a shekara, takan zo da furanni da kwalbar ruwa, ta ɗaure ta a hannun gicciyen. In shekara ta zagayo ta tarar ruwan ya ragu, sai ta ce ya sha, ta ji daɗi, ta cika masa.

A lokacin Tsohuwa tana can nesa, ba wanda ya kula da ita. Sannu a hankali ta matso. Shekarar da rairayi ya taɓa gindin gicciyen, Doña Eufrasia ta toshe bakin kwalbar ta like shi da kakin kyandir don kada ƙasa ta shiga, ta yagi gefen mayafinta ta ɗaure ta tamau. Da shekara ta zagayo babu gicciye, babu hanya, sai tudu. Aka janye hanya gefe, abin da ya haifi kwanar ke nan. Direbobin wancan zamani suna danna wa Tiburcio hon don gaisuwa, mu kuma muka gada muna gaida rairayi.

Doña Eufrasia ba ta daɗe ba bayan haka. Abin da ya tsaya mata a rai har ta cika, kada mijinta ya zaci ta manta da shi ne. Ta kama hannun ɗanta ta ce:

“In Tsohuwa ta wuce, zai fito ta bayanta. Ka tsaya a gabansa ka faɗa masa ba daina zuwa na yi ba, hanya aka tare mini.”

Saƙon ke nan. Saboda shi Don Poli ya nemi aikin shebur da kowa ke gudu, ya ƙi canjin wuri, ya ƙi ƙarin girma, ya yi aure a bukkar nan, ya haifi 'yarsa Herminia, ya binne matarsa, duk yana jiran tudu ya gama wucewa ta kan mahaifinsa. Shekara arba'in da ɗoriya. Ni da ba na iya jiran layin mai ban yi faɗa ba, na zauna ina kallon mutumin nan kamar ban taɓa ganin mutum ba.

Da labarin ya bazu cikin direbobi sai tausayi ya kama mu, kuma tausayin direba ba ya rasa ganganci. Wata shekara aka kawo katafila gyaran hanya, muka lallaɓi mai tuƙa ta, muka cika shi da kifi, ya yarda zai yanko bayan Tsohuwa ya tono gicciyen. Muka zo har da kiɗa, muna jin mu ne 'yan aljanna. Don Poli ya fito ya ga ƙarfen nan ya doshi tudu, ya ajiye shebur, ya je ya kwanta a gabansa. Na ce masa haba Don Poli, taimakonka fa za mu yi, in ka mutu kana jira fa? Ya ce katafila ba ta san ice ba, ba ta san dutse ba, in ta ture gicciyen ko da taku ɗaya ne, wa zai faɗa wa saƙon, kuma a ina? Ya ce abin da Tsohuwa ta ɗauka da kanta, da kanta za ta ajiye shi inda ta same shi. Muka kashe kiɗa muka watse, kifinmu ya tafi a banza. Na yi wata guda ina fushi da shi, ina wucewa ko hon ba na dannawa, sannan na dawo shan kofi.

Sai tsufa ya zo. Aka sallame shi daga aiki, ya ci gaba da kwashe rairayin ba wanda ya sa shi. Hasken faƙon gishiri ya cinye masa ido kaɗan-kaɗan har ya koma bin gefen kwalta da ƙafa. Ranar da wata tirela ta kusa take shi, Herminia ta zo daga birnin Hermosillo inda take aikin jinya, ta tattara komatsansa. Ba ta yi rarrashi ba. Ta ce ta rasa uwa a wannan rairayi, ba za ta bar shi ya ci mata uba ba saboda matattu. Ni dai ban ga laifinta ba, kuma ban iya kallon fuskarsa ba. Kafin ya shiga mota ya lalubo hannuna ya ce in riƙa duba masa bayan Tsohuwa.

Haka na koma. Duk tafiya in tsaya, in kewaya bayan tudu, takalmi cike da rairayi, ina ƙunƙuni, masu sayen kifi suna can suna tsine mini. Bayan Tsohuwa abin kallo ne. Abin da ta haɗiye tana ta ajiye shi a jere: ga tsohuwar hanyar tana fitowa, rassan da leburori suka shimfiɗa suna nan reras kamar jiya aka sa su, ga gwangwanin sardin, ga takalmin alfadari. Nakan tsaya a kan hanyar da mota ba ta taka ba tun kafin a haife ni, in yi ta kallo.

A shekara ta biyu, bayan wata iska da ta yi kwanaki tana kaɗawa, na hango wani baƙin abu kamar kan turmi ya leƙo daga rairayi, a daidai gefen tsohuwar hanyar. Na durƙusa na taɓa. Icen ƙarfe ne. Hannuna har ya fara tono da kansa, na janye shi. Na koma mota a guje, ban tsaya ba sai inda waya ke kamawa.

Herminia da kanta ta kawo shi. Ya rame ƙwarai, sai an riƙe shi. Ya shafa kan gicciyen ya daɗe, sannan ya ce kan ne kaɗai ya fito, ba a yi wa mutum magana yana binne har wuya. Na ɗauka za ta mai da shi mota. Sai na ga ta dubi icen, ta dubi ubanta, ta je ta buɗe bukkar ta hau shara. Ta ɗauki hutu, hutun ya ƙare, ta ƙara wani. Ni nake kawo musu ruwa da magani, kuma duk zuwa ina auna abu biyu da ido, yadda icen ke ƙaruwa da yadda mutumin ke raguwa. Tsoro nake ji ƙwarai, don na ga kamar mutuwa za ta riga Tsohuwa da 'yan makonni kawai.

Ana saura kaɗan Ranar Matattu hannuwan gicciyen suka fito. Da hantsi muka ɗauko Don Poli a kan kujera, ni da wani direba, muka ajiye shi a gaban gicciyen. Motoci suka tsaya a bakin kwalta, ba wanda ya kira su. Rairayi ya goge icen har yana sheƙi. A hannun dama ga kwalba koriya, ɗaure da tsumman mayafi da ko kalarsa bai gama kodewa ba.

Don Poli ya laluba ya kai ga ƙullin. Yatsunsa suka tsaya cak. Ya ce wa Herminia ta kawo hannunta, ya ɗora a kai, ya ce wannan ɗaurin kakarta ne, bahaguwa ce, haka take ɗaure bakin buhu. Sannan ya kwance a hankali, ya kai kwalbar kunnensa ya girgiza. A cike take.

“Bai sha ba,” in ji shi. “Fushi yake yi.”

Na san kaki ne ya hana ruwan ƙafewa, kowa a wurin ya sani. A karon farko a rayuwata na kama bakina.

Ya ce a miƙar da shi, ba a ba da saƙon uwa a zaune. Muka riƙe shi ta hamata. Ya cire hular kaban nan, ya gyara murya kamar mai shiga gaban alƙali.

“Baba, ni ne Apolinar. Na tsufa, na ma girme ka yanzu. Inna ce ta aiko ni. Ta ce in faɗa maka ba daina zuwa ta yi ba, hanya aka tare mata.”

Ya fasa kakin da farcensa, ya tsiyaye ruwan a gindin gicciyen. Rairayi ya zuƙe shi nan take, ko danshi bai daɗe ba. Da yake ba ya gani, sai ya juyo wajen 'yarsa ya tambaye ta ko ruwan ya kwanta.

“Bai kwanta ba, Baba,” ta ce. “Ya shanye duka.”

Ya gyaɗa kai, ya mai da hularsa, ya miƙa mata kwalbar ya ce ta cika ta ɗaure, daga yau aikinta ne. Sannan ya ce mu kai shi mota, yanzu ko Hermosillo ne a tafi.