Bubayero da Tumatirin Kirsimeti

Ba a lambu na fara sanin Bubayero ba. Tun ina amarya a Toranke nake ganinsa yana wucewa ta bayan gidanmu da shanunsa, sanda a kafaɗa, ya rataya hannuwansa a kanta. Rugarsu tana can wajen Balan, matarsa Hauwa'u ce ke kawo mana nono. A lokacin idan garkensa ya doshi mashaya, mai keke sauka yake yi ya jira.

Shanun ba rana ɗaya suka tafi ba. Ciwon huhu ya ɗebi nasa. Ɓarayi suka kore wasu a wata shekara da ya yi nisa da su neman ciyawa. 'Ya'yansa maza suka karɓi rabonsu suka yi gaba, ana jinsu a waya, daga baya wayar ma ta daina shiga. Saniyar ƙarshe a jinyar ƙafar Hauwa'u ta tafi, kuma ƙafar ba ta warke ba.

Shekarar da na fita takaba, lambun maigidana, Allah ya jiƙansa, ya zauna a fadama ba mai taɓa shi. 'Ya'yana duk mata ne, suna ɗakunansu. Wata safiya aka ce ana sallama. Na leƙa zaure na ga Bubayero a tsaye, ya tsufa, ya rame, babu sandar. Ya daɗe yana gaisuwa, ya tambayi yara, ya tambayi jikoki, har kaji ya tambaya, sannan ya kalli ƙasa ya ce, "Innar Zara, ko za ki ara mini lambun nan? Ban iya ba, amma zan koya."

Na ce na ara. Sai dai ƙasa kaɗai ba ta yin lambu a wurinmu. Injin ban-ruwa ɗaya ne, na haɗin gwiwa, kowa da tiyonsa da ranarsa. Motar da ke kai kaya Kudu ita ma haɗa ta ake yi. Wanda ba ya cikin inji da mota, ko ya shuka wahala kawai ya shuka. Masu lambun ba su so shi ba. Suka ce mutumin da ya yi rayuwarsa yana bin bayan saniya me ya sani a kan tumatir. Ari, babbansu, shi ya tsaya masa. Babarbare ne, ga shi da Bafillace akwai wasa tsakaninsu tun kakanni. Ya ce a gwada shi zuwa Kirsimeti. In kayansa suka je Kudu lafiya ya zama ɗan gida, in ba haka ba a cire tiyonsa. A kan haka aka tsaya. Bubayero ya kafa bukka a gefen lambun, ya ɗauko Hauwa'u suka tare.

Ni kuma sana'ata kauda. Ina zama a gindin mangwaron da ke tsakiyar fadama da wuƙata da tabarma, duk tumatirin da ya nuna da yawa ko tsuntsu ya taɓa a kawo mini, in yanka in shanya. A nan masu lambu ke hutawa bayan azahar. Ba na sa musu baki, amma kunnena a buɗe yake.

Ban taɓa ganin wanda ya kula da shuka kamar tsohon nan ba. Kowane fangali sai ya bi shi a durƙushe. Ya san wanda ya yi kasala, ya san wanda tsutsa ta shiga. Har magana yake yi musu ƙasa-ƙasa da Fillanci.

"Kai bawana," in ji Ari wata rana, "ka daina kiransu, ba za su biyo ka gida ba."

Bubayero ya ce, "Babarbaren da ya shigo garin nan da buhun kanwa a ka, shi ne yau yake ce mini bawa? Zo ka ɗaukar mini fartanya, yaro."

Aka yi dariya, har da waɗanda ba sa son sa.

Da Kirsimeti ta matso, hira ta koma kanta gaba ɗaya. Ko ni da ba ta shafe ni ba na san saura nawa, don tun dashe ita ake auna wa. Ranar da nake son in ba da labarinta, Muntasir ne ke zuba. Shi ke bin mota zuwa Anacha duk shekara, saboda yana jin Turanci.

"Wallahi idan ranar ta kusa, mota ba ta gama tsayawa matan kasuwa sun haye ta. Bara wata ta riƙe mini riga tana aboki, aboki, sai da hannun rigar ya fita."

"Shi ya sa kake son zuwa," in ji Nu'uman, wanda lambunsa ke jikin nawa. "To wai duk tumatirin nan me suke yi da shi? Wanka?"

"Miyar shinkafa mana. Wanda tukunyarsa ba ta yi ja ba ranar, bai yi Kirsimeti ba. Na Legas ya dawo gida, na Turai ya dawo gida, kowa sai ya ci. Su sa fitilu a jikin bishiya, su yi ta harba abin wuta, ka rantse yaƙi ake."

Ari ya ce, "Mu da ba mu san ƙofar coci ba, mun fi su matsuwa ta zo. Nu'uman, kwandunanka sun iso?"

"Rabi. Mai saƙar ya ce na Ajingi sun riga ni."

"Ka bi shi gida ka zauna masa. A yanko ciyawar shimfiɗa tun yanzu ta sha iska. Kuma ku ji, wanda ya fara ja kaɗai za a tsinka. Duk wanda ya sa mini nunanne a ƙasan kwando, a kansa zan juye."

Bubayero yana gefe yana gyaran igiyar guga. Sai ya ce, "Mu ma mun yi Kirsimetin nan da bijimai. Idan za a ɗora su zuwa Kudu, sai mun kai su mashaya sun sha har ciki ya tashi. Wanda ya hau mota da ƙishi, gawarsa ake saukewa."

"To nan babu mai ƙaho," in ji Ari. "Daga gobe an kashe inji, ba mai ba tumatir ruwa sai an tsinke. Ka ji ko, bawana?"

"A bar su haka? Ga tafiya a gabansu?"

"Haka ake yi."

"Haka muka tarar," in ji Nu'uman, ya miƙe yana kaɗe wando.

Ba wanda ya gaya masa dalili. Su sun tashi a ciki, ba su ga abin bayani ba. Tumatirin da za a kai nesa ana yanke masa ruwa ne don jikinsa ya yi tauri. In ya ji ƙishi sannan aka ba shi ruwa, sai ya zuƙa fiye da abin da fatarsa za ta ɗauka.

Aka kashe inji, fadama ta yi tsit. Da rana ganye ya riƙa langaɓewa. Sauran ba sa ko kallo, suna ta ɗinkin kwando da rigima a kan wa zai fara lodi. Bubayero kuwa sai in hango shi tsaye a tsakiyar fangali, hannu a baya, ba ya komai. Hauwa'u ta ce mini ko tuwo ba ya gamawa.

Ranar tsinka kowa ya fito da iyalinsa. Ari ya tafi Gaya tun da sassafe don ya taho da mota. Lambuna shi ne na ƙarshe daga hanya, saboda haka kwandunan Bubayero ne suka iso daga baya, aka jera su a can sama, kan na kowa. Tumatirinsa ya fi na kowa cika da sheƙi. Nu'uman ya ɗauki ɗaya ya juya shi ya ce, "Kai Baffa, ashe kiran da kake yi musu suna ji." Tsohon ya yi murmushi. Tun da ya rasa shanunsa ban ga haƙoransa a waje haka ba. Aka ɗaure, aka yi addu'a, Muntasir ya haye gaba, mota ta tashi bayan la'asar.

Washegari ya kawo mini ragowar da ba su shiga kwando ba, ya ce in yi kauda, kyauta. Na ɗauki na farko na ga wani siririn tsagu ya zagaye wajen hancinsa. Na biyu ma haka. Da na sa wuƙa, ruwa ya biyo hannuna har gwiwa. Na yanka na Nu'uman don in gwada, shi ko ɗigo bai yi ba.

Na ce, "Baffa, ka ba su ruwa ne?"

Bai ɓoye ba. A kusurwar lambun akwai tsohuwar rijiyar maigidana. Ya ce da guga ya yi ta ja bayan sallar asuba, jiya da shekaranjiya, fangali bayan fangali, har tafin hannunsa ya fashe. Ya nuna mini hannun.

"Innar Zara, abu mai rai ne. Ni ban taɓa tura mai rai hanya da ƙishirwa ba. Na ɗauka rowar fetur ce ta sa suka kashe injin."

Na miƙa masa wanda ya tsage. Ya juya shi, ya sa babban yatsa ya ɗan danna, sai ya buɗe. Na gaya masa abin da na sani. Ya tsuguna. Sannan ya tambaye ni, "Nawa ne a sama ko?" Na ce nasa ne. Ya tashi da tumatirin a hannu ya nufi wajen Ari da ƙafarsa.

Ina jin su daga inda nake. Ari bai ɗaga murya ba. Ya ciro waya ya kira Muntasir. Muntasir ya ce sun yi nisa, suna cikin cunkoso, rana tana dukan kaya, kuma tun ɗazu direba ke cewa wani ruwa na ɗiga a bayan mota. Babu inda za a tsaya a sauke. Ari ya mayar da wayar aljihu ya ce, "Malam Bubayero, je ka gida."

Sauran labarin a bakin Muntasir muka ji da ya dawo. Na saman sun farfashe tun a hanya, ruwansu ya bi ta cikin ciyawa ya sauka a kan na ƙasa, zafi ya dafa su tare. Da aka kwance igiya a Anacha, matan da ke rububin hawa suka toshe hanci suka koma motar da ke kusa. Abin da aka tsinta mai kyau bai taka kara ya karya ba. Sauran sai da aka nemi masu kwasa zuwa juji. Gida tara ne a cikin motar nan. Nu'uman ya sa ranar rufin ɗakinsa, ya fasa. Akwai wanda ya janye 'yarsa daga makaranta.

Aka taru a gindin mangwaro. Na naɗe tabarmata zan ba su wuri, Ari ya ce, "Zauna, Gwaggo, ƙasarki ce." Wani ya ce a kai shi wajen dagaci. Wani ya ce da ma ya faɗa. Nu'uman yana ta karya tsinke. Bubayero ya zauna nesa kaɗan, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Da aka ce ya yi magana, ya ce, "An hana ni, na yi. Ba ni da abin biya. Ku yafe mini don Allah."

Na ce musu bai yi don mugunta ba, kuma wanda ya ja ruwa da guga har hannunsa ya fashe ba malalaci ba ne, yanzu kuma ya sani. Suka saurare ni saboda girman maigidana. Ari ya ce, "Gaskiya ne, Gwaggo. Amma ni na ce a cire tiyonsa in kaya ba su je lafiya ba. Bakina ne." Ya tashi da kansa ya je ya zare tiyon daga jikin inji, ya naɗe, ya kawo ya ajiye a gabana.

Bubayero bai tafi nan da nan ba. Ya dasa albasa a fangali kaɗan, yana ba ta ruwa da guga. Da zafi ya shigo rijiyar ta koma laka, albasar ta ƙone tun ba ta yi kai ba. Ya kawo mini fartanya da guga ya jingina a zaure, ya yi godiya mai tsawo kamar wanda aka yi wa wani abu.

Yanzu suna Gaya. Yana gadin wani gini da ba a gama ba a bakin gari, shi ke yayyafa wa sabon bulo ruwa da safe. Na je duba su bayan ƙaramar Sallah. Ɗakin da aka ba su babu ƙofa babu taga, buhu suka rataya. Mai ginin ya ce da zarar an yi rufi za su tashi. Hauwa'u ba ta iya miƙewa yanzu, da jan gindi take zuwa bakin ƙofa. Bubayero ya tambayi kowa da sunansa, har Ari, ya ce in gaishe su.

Da na tashi tafiya, Hauwa'u ta riƙe mini gefen mayafi. Ta jira sai da ya fita nemo mini mai adaidaita, sannan ta ce in tambaya mata a Toranke ko akwai mai ɗakin da ba ya amfani da shi, ko na awaki ne, ita dai a binne ta kusa da inda ta sani. Nawa ɗakin ɗaya ne, a gidan ƙanin maigidana nake zaune, na roƙe shi ya ce shi ma kwandunansa suna cikin motar nan. Na bi gida-gida na tambaya. Har yau ban samu ba.