Saje Ka-Karya

Duk wanda ya yi zamani da Saje Bawa a ƙaramin ofishin 'yan sanda na wajen Tiga ya san aljihun kakinsa na dama bai taɓa rabuwa da maiƙo ba. Ƙuli-ƙuli ne a ciki kullum. In aka jawo yaro ana cewa ya yi laifi, Saje ba ya fara tambayar suna. Sai ya dube shi ta saman tabarau ya ce, "Ka karya?"

Ni a lokacin kurtu ne, sabon zuwa. A satina na farko aka kawo wani yaro da ake zargi da shiga shagon mai shayi. Saje ya yi masa tambayar da ya saba. Yaro ya ce, "Wallahi yallaɓai ban karya komai ba, a buɗe na tarar da ƙofar."

Saje ya yi dariya har da hawaye, ya miƙa masa ƙuli-ƙuli. Daga ranar sunan Ka-Karya ya bi shi har kabari.

Na taɓa ce masa, "Oga, mu fa 'yan sanda ne, ba masu raino ba."

Ya ce, "Isa, yaron da ka kula da shi yau ba za ka bi shi da gudu gobe ba. Ni kuwa gwiwata ba ta son gudu."

Akwai wani Alhaji Mamman mai lambu. Wata rana ya taso ƙeyar yara huɗu da suka addabi tumatirinsa, yana rantsuwa sai an kulle su. Saje ya ce zai hukunta su hukuncin da ba za su manta ba. Ya kai su bayan ofis, ya yanka wa kowa fangalinsa, ya ba su iri da bokiti. Kullum in an tashi daga makaranta suna nan suna ban ruwa. Alhaji ya daina gaishe shi.

Da tumatir ya fara ja, sai ga yaran sun shigo a fusace, wai wani azzalumi yana tsinke musu. Saje ya gyara hula ya ce, "Sata a bayan ofishina? Ku yi kwanto."

Washegari bayan sallar asuba suka laɓe a gindin darbejiya. Can sai ga mutum da kwano yana sanɗa. Suka yi masa caa, suka riƙe riga. Ya juyo, ashe Saje ne.

Ya ce, "To, yaya kuka ji a ranku?"

Babbansu, Habu, ya ce, "Kamar in mutu, yallaɓai."

"Haka Alhaji yake ji. Ku je ku gaishe shi." Amma kwanon bai mayar ba. Ya ce ladan darasi ne, matarsa ta yi miya da shi.

Abin da ya jawo masa shi ne ranar da wani babban jami'i ya zo duba mu daga Kano. Ya leƙa ɗakin da ake tsare masu laifi, ya tarar da ƙwallaye da ragar gola a jibge. Ya tambayi mutum nawa aka kama a watan.

Saje ya ƙame ya ce, "Sha ɗaya, ranka ya daɗe."

"Suna ina?"

"Suna fili. Gobe muke karawa da Bebeji."

Jami'in bai yi ko murmushi ba. Ba a jima ba aka yi wa Saje canjin wurin aiki zuwa Doguwa, can kusa da daji. Dattawan gari suka ce za su je Kano roƙo, har da Alhaji Mamman a gaba. Saje ya hana. A tasha ina ɗora masa katifa a saman mota na ce, "Oga, an zalunce ka."

Ya ce, "A Doguwa ba a haihuwa ne?" Ya shige mota abinsa.

Ba kowane yaro ya shiryu a hannunsa ba, kada in yi masa ƙarya. Akwai wanda daga baya ya faɗa satar babura, Saje da kansa ya kamo shi a Tudun Wada. Amma duk zaman da yaron ya yi a gidan yari Saje bai fasa kai masa ziyara ba.

Bayan ya yi ritaya ya koma gida Kiru. Da na ji labarin jikinsa ya yi tsanani na hau acaɓa na je dubiya. Na same shi a zaure a kan tabarma, ya rame ƙwarai, murya da ƙyar take fita. Ina cikin yi masa sannu ya katse ni.

"'Yarka Hauwa aji nawa take?"

Na ce huɗu, ko biyar.

"Yaya sunan malaminsu?"

Na ce ban sani ba.

Ya ce, "Sufeto guda, ka san sunan kowane ɓarawo daga nan har Falgore. Tashi ka tafi, ba ni ne mai buƙatar a duba ba."

Na ɗauka wasa yake, amma ya juya mini baya har sai da na ɗauki takalmina. Ganina da shi na ƙarshe ke nan. Ranar Litinin na je makarantar su Hauwa, na zauna da malaminsu, Malam Sabi'u, a ƙarƙashin bishiya, a nan aka bugo mini waya aka ce Saje ya cika.

Allah ya jiƙan Saje Bawa, ya haskaka makwancinsa. Yadda ya tausaya wa 'ya'yan mutane, Allah ka tausaya masa, ka dubi bayansa. Amin.