Muryar da ta Rage a Katin Inna

A shekarata ta biyu ina koyar da kwamfuta a jami'a a Wudil, matar da ke share mana ofis ta kawo mini katin memori na waya ƙulle a bakin mayafinta. 'Yar Lajawa ce, ta girme ni nesa ba kusa ba, Inna nake ce mata. Mahaifiyarta ta rasu da damina, kuma muryar tsohuwar tana cikin katin, wani jikanta ne ya ɗauka tana kwance. Masu gyaran waya a kasuwa sun ce fayil ɗin ya mutu.

Da na duba, farkonsa ne kawai ya lalace. Manhajar sauraro kuwa raguwa ce, daga farko take karantawa, in ta yi tuntuɓe sai ta zauna. Na ce wa Inna kamar buhun gero ne da ruwa ya taɓa bakinsa, hannu za mu zura can ƙasa.

Na rubuta wa kwamfutar 'yan layukan umarni: buɗe fayil, tsallake kaza, karanta daga nan. Na tsallake dubu, sai shuu. Dubu goma, shuu. Ni dama ba ni da haƙuri, har na fara yi wa kwamfutar tsaki, Inna tana tsaye riƙe da tsintsiya, ta ƙi zama. Na yi ta ƙara lambar har aka kira azahar.

Can sai ga murya, siririya, tana haki. "Ya yaran? Ya mai jikin? Ya aikin makaranta?"

Na ce a raina gaisuwa ce, maganar tana gaba. Na zaci wasiyya za mu ji, ko batun gona. Tsohuwar ta bi 'ya'yan Inna ɗaya bayan ɗaya tana tambayar lafiyarsu, ta tambayi akuyar da ta haihu, ta ce a gaida malaman. Sai fayil ya ƙare.

Raina ya ɓaci sosai, na ji kamar na gaza mata.

"Inna, ki yi haƙuri. Gaisuwa ce kawai ta rage."

Ta jingine tsintsiyar, ta zauna a ƙasa kusa da teburina.

"Malama, mayar da shi farko. Ranar ina nan wajen aiki, ban samu na amsa mata ba."

Na mayar da lambar. Tsohuwar ta ce, "Ya yaran?"

Inna ta ce, "Lafiya lau, Iya."