Tukunyar Da Ta Yi Shiru A Hannun Baba Kassoum

Daga ofishin Perezidan Babbar Ƙungiyar Masana Gobara ta Zongo, Jonquet, Zogbo da kewaye, zuwa ga duk wanda wannan takarda ta isa kunnensa.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Muna sanar da rasuwar Baba Kassoum mai tukwanen kashe wuta, wanda ya cika ranar Laraba, tara ga Sha'aban, bayan la'asar, a gidansa da ke nan Zongon Kwatano. Kada kowa ya yi mamaki don bai taɓa jin sunan ƙungiyarmu ba. Tun da aka yi Konferans, babban taron ƙasar nan, aka buɗe bakin jama'a, ba lungun da ba shi da ƙungiya da perezida.

Baba, shekara ashirin da ɗoriya ka yi a ma'ajiyar mai ta bakin teku. Da ka ajiye aiki ba ka zauna ba. Ka ga matan unguwa sun jera kwalaben kpayo a bakin hanya, man nan da ake kawowa daga ƙetaren iyaka, 'yan zemijan, wato 'yan acaba, na tsayawa da babura masu zafi suna shan mai, ga mai tuyar ƙosai a gefe. Sai ka shiga bin tebur tebur kana koya wa mutane abin da ba wanda ya tambaye ka.

Kowa babbar tukunya yake so, mai ruwa, don ta fi cika ido. Kai kuwa sai ka zuba ruwa a kwano, ka ɗiga mai a kai, ka ce, "Ku duba, wa ke sama?" Mai ne a sama. "To wutar ma nan za ta zauna. Ruwa doki ne gare ta, duk inda ya gangara tana bisa." Ka ce wutar mai sai mai hoda, ko mai kumfa. Mai iska tana da kyau cikin shago, amma a fili iskar teku za ta kwashe ta. Mu da ba mu karanta boko ba ka nuna mana harafi ɗaya a jikin tukunyar, mai ciki biyu kamar wanda ya ci tuwo sau biyu, ka ce in babu shi kada mu saya ko da kyauta ce. A nufi gindin wuta, ba harshenta ba. A riƙa juya tukunyar don laimar garin nan na dunƙule hoda. Kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci kana zagayawa kana duba allurar da ke nuna cikar tukunya, ko tana kan kore.

Wasu samari marasa kunya suna tsayawa su sara maka, suna cewa, "Kwamanda, yau ina ke ci?" Sai ka ce, "Bakinka, ɗana, kuma shi ba ni da tukunyarsa."

Yanzu ƙungiya za ta yi magana a kan gobarar teburin Assétou mai sayar da kpayo, shekara huɗu ke nan. Kowa ya san rabin labarin. Ranar Alhamis ce da hantsi, kwalba ta suɓuce a kan injin babur, wuta ta tashi. Wani ya watsa bokitin ruwa, ta bi ruwan ta nufi rumfuna. Baba ya ciro tukunyar hodar da shi da kansa ya zaɓar wa Assétou, ya matsa, ta yi ɗan huci ta yi shiru. Da yashi da buhu ya tare wutar. Teburin ya ƙone ƙurmus, hannunsa na dama kuma bai sake miƙewa ba har ya koma ga Allah. Tun daga ranar ake cewa tsoho ya haɗa baiwar Allah da fanko. Wasu suka daina bari ya taɓa tukwanensu. Assétou ta daina gaishe shi, ko gaisuwar mutuwarsa ba ta shigo ba.

Ga sauran rabin. Kwana uku kafin gobarar, ana shirin Layya, Nouhou mai gyaran babur ya ishi mutane da kurin baƙin ragonsa. Sai wani saurayi ya faki idon Assétou ta tafi sallar azahar, ya sauke tukunyar, ya feshe ragon tas har ya koma fari fat. Nouhou ya dawo yana ta rantsuwa an musanya masa rago, unguwa ta yi dariya har hawaye. Saurayin ya mayar da tukunyar, ya juya allurar ta fuskanci bango. Ya ce a ransa ai saura da yawa a ciki.

Baba, alƙalamin ya ƙi ci gaba da cewa "wani saurayi". Ni ne.

Ka kuwa sani. Ranar da na zo duba ka, hannunka a naɗe, na tsuguna ina sannu sannu, sai ka dube ni ka ce, "Ragon Nouhou ya koma baƙi kafin a yanka shi?" Na rasa inda zan sa fuskata. Na ce zan fita in faɗa wa mutane. Ka ce, "Ka faɗa, su farfasa maka babur, Assétou ta kai uwarka ƙara, sannan teburin ya dawo? Ni ma da nawa. Wa ya ce wuta na jiran Juma'a?" Daga nan ka ce tunda hannunka ya mutu, nawa zai yi maka aiki. Shekara huɗu ina ɗaukar ka a babur muna zagaye, ni ke juya tukwane kai kana duba allura. Mutane na cewa yaron nan ya shiryu, yana taimakon tsoho. Ina jin daɗin yabon, Allah Ya yafe mini, kai kuma ana ta kiran ka mai fanko.

Ka hana ni magana don ka kare ni. Amma ba zan iya ganin an binne ka da laifina ba. Yaya Assétou, tukunyar da Baba ya zaɓar miki cike take, kuma ita ce daidai da wutar mai. Da ban taɓa ta ba, da teburinki na nan. Duk abin da za ki yi mini, ina ƙofar gidan makoki. Abu ɗaya nake roƙo: ki shigo ki gaida matarsa Inna Lubabatu kafin a tashi addu'ar bakwai.

Allah Ya jiƙan Baba Kassoum, Ya yafe masa, Ya sanyaya makwancinsa. Hannun da ya ƙone yana tare wa mutane wuta, Allah Ya haramta shi ga wutar lahira, shi da sauran jikin. Allah Ya ba Inna Lubabatu da 'yarsa Labiba da sauran iyali haƙuri, Ya albarkaci bayansa.

Ƙungiyar nan babu ita, ofis ma babu. Na ari sunan perezida ne don na san in aka ji nawa tun farko, za a ce wani sabon shaƙiyanci ne a watse. Da ajami na rubuta, Labiba ce ta mayar da shi boko, ta kuma rigaya ta yi mini kukanta da faɗanta.

Ni ne Karimou ɗan zemijan, wanda ya fesa ragon.